Alƙawarin Da Ban Sayar Ba

"Dakata, Delphine! Wannan maganar na taɓa jin ta!"

Ana gobe biki ne, muna gwaji a coci. Ina tsakar karanta wa angona Anders alƙawarin aure da na rubuta masa, sai mahaifiyarsa Lorraine ta miƙe zumbur.

"A bikin 'yar maƙwabciyata, watan jiya! Kalma ɗaya ba ki canja ba. Ɗana za ki ba gwanjo?"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ni na rubuta wa waccan amaryar. Tun da na bar ofis na koma yi wa mutane rubutu suna biyana, bakina ya manta da a'a. Tallan sabulu, tarihin mamaci, alƙawarin amare... kowa ya turo sai in cafe, don tsoron kada gobe a daina turowa. Barci kuwa sai dai in ji labarinsa. Ranar da na zauna rubuta nawa, kaina fayau, hannuna ya kwaso na wata ban sani ba.

Anders ya juya ya fita. Na san auren nan da ƙyar ne.

Da asuba sai ga shi a ƙofata.

"Sa rigar sanyi. Wayar kuma ki bar ta."

"Akwai aikin da zan miƙa..."

"Del. Bar ta."

Bakin kogin Platte ya kai ni, sanyi na cizon kunne. Na ɗauka nan zai sallame ni.

Sai rana ta leƙo.

Ya Allah! Abin da na zaci duwatsu ne a cikin ruwa, ashe gauraki ne, dubbai a kan dubbai. Suka tashi gaba ɗaya! Sama ta rufe, kukansu ya cika duniya har ina jin sa a ƙashin ƙirjina. Sau nawa na rubuta wa masu yawon buɗe ido labarin tsuntsayen nan, ban taɓa tako ƙafata ba!

"To marubuciya, faɗi wani abu mana."

"Ba ni da kalma, Anders..." Hawaye suka ɓalle. "Ko ɗaya. Na sayar da su duka."

"Jiya na ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba takardar ce ta fi ƙona ni ba. Kina nutsewa a gabana, ba ki ce in miƙo hannu ba."

"Kunya nake ji..."

"Ni, zumata? Ni kike jin kunya?"

Da yamma na tsaya gaban fasto hannu babu takarda, Lorraine ta kafe ni da ido. Na dubi angona.

"Anders, na gaji. In na sake gajiya, kai zan fara faɗa wa."

Anders ya matso. Ya kama hannuwana biyu, idonsa jawur.

"Na karɓa," ya ce.