Ƙwayar Umma

"Wallahi ba giya ba ce, Umma!"

"To mece ce? Mutum yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ki ce min lafiya?"

Amarya ta cije leɓe. Mijinta Tela yana zaune gaban keken ɗinki, zare ya ƙi shiga allura saboda rawar hannu, ga amai tun safe. Haushinsa ya cika ta fal. Shi ne ya rantsar da ita cewa ba za ta taɓa faɗa wa Umma mahaifiyarsa yana shan lithiyam ba, maganin ciwon ƙwaƙwalwar nan da ke ɗaga shi sama ya dawo ya nana shi da ƙasa.

Ta durƙusa gabansa. "Rabin raina, bayan naka, me ka sha?"

Ya saci kallon Umma.

"Au, maganina ne na hawan jini, mai sa fitsarin nan," in ji Umma. "Na gwada shi da na'urata na ga jininsa ya hau. Kullum da safe nake ba shi. Ai jininmu ɗaya."

"Kai kuma ka karɓa?!"

"Uwata ce... in ce mata me?"

Ka ji namiji! Ya gwammace ya haɗiye ajalinsa da ya ce wa uwarsa a'a. Amarya ta fizgi mayafi, ta tare mota.

A asibiti likita ya duba sakamakon jini, ya girgiza kai. "Ƙwayar hawan jinin ta hana ƙoda fitar da lithiyam, ya taru ya zama guba. Allah ya sa kun zo da wuri."

"Lithi... me?" Umma ta juyo. "Na mene ne?"

Daga kan gado Tela ya shiga girgiza wa matarsa kai. Ta ɗauke ido, ta zayyane wa Umma komai.

Umma ta zube kan benci, hawaye shar. "Ni na haife shi, da hannuna kuma na kusa... Don Allah me ya hana ku faɗa min?"

Da Amarya ta matsa bakin gadon, Tela ya juya mata baya.

"Kin tona ni..."

"Na tona," ta ce, tana gyara masa bargo. "Ka warke tukuna, masoyi, sai ka yi fushin da ƙarfinka."