Abin da Jamaluddeen Ya Goge

Rana ta yi ja a bayan ganuwa, ana dakon kiran magariba, sa'ad da Jamaluddeen ya jawo tsohuwar kwamfutar marigayi yayansa daga ɗakin shirgi a gidansu na Kusfa. Ta yi shekaru a can, ba mai ko leƙa ɗakin. So yake ya mai da ita rauta, ta raba wa gidan intanet, ta kuma tsaya gadi, ta tare ƙazantar da ke shigowa wayar 'yarsa Tayyiba. Niyya mai kyau, wallahi. Sai dai mutumin nan akwai gaggawar tsiya.

"Baban Tayyiba, ka bari a yi salla mana," in ji matarsa Zuwaira. "Ba a taɓa kayan ɗakin da aka daɗe da rufewa da almuru."

"Yanzun nan zan gama."

Ko bisimilla bai yi ba. Ya kunna ta, ya goge duk abin da ke cikinta ƙarƙaf, ya ɗora sabuwar manhaja. Fankarta ta yi wani dogon nishi, ta yi tsit.

Tun daga ranar gidan ya ƙi daɗi. Da rana ta faɗi sai tsakuwa ta dinga sauka a kan kwano, ba a ganin mai jifa. Ko an ɗauke wuta, 'yar fitilar kwamfutar tana nan tana ƙiftawa. Tsoro ya kama kowa. Wata yamma Tayyiba ta yar da tsintsiya, ta zauna gaban na'urar, ta soma kuka da muryar tsohuwa.

Aka ɗauko Malam Yari, mai ruƙiyya. Ya yi ta karatu a kunnenta har jikinta ya sandare.

"Wace ce ke?" ya tambaya.

"Mai gidan da aka share," in ji muryar. "Cikin akwatin nan nake da zuri'ata. Bai yi sallama ba, bai ce mu fita ba. Ya shafe min 'ya'ya, ko kamanninsu na kasa tunawa. Ran 'yarsa zan ɗauka."

"Ba ki isa ba. Rai na Allah ne."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Ta yi ta birgima tana ihun tana ƙonewa.

"Zan fita! Amma sai na goge kwatankwacin abin da ya goge min."

Malam ya ɗaga hannu a yi shiru, don ba a amsa wa aljanu sharaɗi, kuma aljanar ta riga ta galabaita. Ina! Tausayin 'yarsa ya rufe wa Jamaluddeen ido.

"Na yarda! Goge abin da kika ga dama, ki bar min 'yata!"

Malam ya dafe kai yana salati.

Tayyiba ta yi wata irin atishawa, ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo ta kira uwarta, da muryarta ta ainihi, ta ce ƙishirwa take ji. Jamaluddeen ya durƙusa gabanta da kofin ruwa, hawaye na zuba.

Yarinyar ta dube shi. Ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta raɓe jikin uwarta.

"Umma, wane ne wannan baƙon?"