Garantin Wata Shida

Ƙanƙarar ta fara narkewa a tafin hannuna, ruwanta na gangarawa cikin hannun rigata.

“Ja numfashi... riƙe... sake...”

Haka nake faɗa wa kaina a sitor ɗin gidan burodin da nake aiki, na jingina da buhunan fulawa. Abin ya taso mini tun da hantsi, wannan muguwar sha'awar in ji wa kaina ciwo ko ƙuncin ƙirjina zai ragu. Likitar da nake gani duk Laraba ta ce tasowa yake yi ya kai ƙarshe sannan ya sauka da kansa, nawa kawai in samu abin riƙewa har ya sauka. Faɗa da sauƙi!

Wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, mai gyaran firij ɗinmu, wanda ya zo gyaran rana ɗaya ya ɓige da neman aurena.

“’Yar Fulawata! Saura kwana tara!”

“Na sani, Injiniyana...”

“Muryarki lafiya?”

“Lafiya lau. Mura ce.”

Ƙarya na yi masa, kuma ba yau na fara ba.

Injiniya mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Duk firij ɗin da ya taɓa sai ya ba shi garantin wata shida, in kuwa aka dawo da shi kafin nan, ranar ko abinci ba ya iya ci don kunya. Da yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ga tabon hannuna ta ce atafau ba da ita ba, sai bakinsa ya suɓuce irin na sana'arsa.

“Yaya, ki ba mu wata shida. In abin ya ƙara taso mata ko sau ɗaya, na haƙura.”

Ta yarda. Shi kuma ya rataya kalanda a shagonsa yana soke kwanaki da jan biro, yana turo mini hoto kullum.

Wallahi tun ranar ban ƙara taɓa jikina ba. Amma sha'awar ba ta san da wani alkawari ba, kusan duk mako sai ta zo. Wata rana ƙanƙara nake riƙewa, wata rana in yayyaga tsofaffin kwalaye, wata rana in zagaya layinmu sau uku da sauri har zufa ta keto mini. Ta yaya zan gaya wa mai soke kalanda cewa abin yana nan?

Ƙofar sitor ta buɗe.

Kwalliya ce, abokiyar aikina mai sayarwa a gaba, wadda firij ɗin ɗakinta ya fara lalacewa duk mako tun da ta ɗora ido a kan Injiniya. Ta dubi hannuna, ta dubi idona.

“Ikon Allah! Ashe ba ƙanƙarar lemo kike kwasa ba.”

“Don Allah, Kwalliya...”

“Ni me na ce?” Ta yi murmushi ta ja ƙofar.

Da la'asar sai ga Yaya har cikin ɗakin kwaɓi, Injiniya na biye da ita da jakar kayan aikinsa, fuskarsa duk a ruɗe. Ashe Kwalliya ta kai labari.

“Gaya mata ƙarya aka yi miki, masoyiyata,” in ji shi. “Gaya mata kin warke!”

Yaya ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta ɗagawa.

“’Yan mata, tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah. Yana taso miki har yanzu?”

Na dubi Injiniya. Idonsa na roƙona in ce a'a, kuma da na faɗa da shi ke nan, kwana tara ba wani abu ba ne. To amma bayan kwana taran fa? In shiga gidansa ina ɓuya a bayi har tsufa?

“Yana tasowa, Yaya.”

“Tun yaushe?”

“Bai taɓa dainawa ba.”

Jakar ta suɓuce daga hannunsa, sukurori suka watse a ƙasa.

“Amma ban yi ba!” Kuka ya ƙwace mini. “Ko sau ɗaya ban yi ba! Zuwa yake, in jira shi ya tafi. Iyakar abin da na iya ke nan...”

“Allah Ya ba ki lafiya,” in ji Yaya, kuma na san har zuciyarta ta faɗa. “Amma ni na ga wahalar yaron nan, ba zan iya ganin wata ba. Kai kuma da bakinka ka yi alkawari. Wuce mu tafi.”

Ya bi ta. Ko sukurorin bai tsaya tsincewa ba.

Ban taɓa jin abin ya taso da ƙarfi irin na wannan yammacin ba. Na kira likitata. Ta ce kada in zauna ni kaɗai, ta sa na kira mai gasa burodinmu, dattijuwa marar yawan tambaya. Ita ta dire mini ƙullin kwaɓi a gabana ta ce, “Huce a kan wannan, ’yata.”

Na naushe shi, na murɗe shi, na buga shi da teburi, ina kuka.

Ina cikin haka na ji takun Injiniya.

Ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa jajur.

“Wata shida kina wannan faɗan ke kaɗai, ni ina can ina wasa da biro?”

“Na ji tsoron kada ka ga aikinka ya dawo.”

Ya runtse ido.

“Yaushe zai daina, ’Yar Fulawa?”

“Ban sani ba. Likita ta ce yana raguwa. Ba ta ce ga rana ba.”

“To gaya mini abin da zan yi. Ko mene ne!”

“Babu, Injiniyana. In ya zo, zama kawai za ka yi kusa da ni.”

“Zama... kawai?”

“Kawai.”

Ya dubi hannayensa, ya rasa inda zai sa su. Can ya ce, muryarsa na karyewa:

“Na gaya wa Yaya na karya alkawarin, ke zan aura. Ta ce ta yafe mini, amma kada in neme ta ranar auren. Ita ta goya ni fa... ita ta koya mini ɗaura takalmi...”

Ƙaton mutum, ya fashe da kuka a gaban tanda.

Na buɗe baki in ce za ta huce, sai na tuna ban san haka ba. Ni ma ba ni da abin da zan yi masa.

Na goge fulawar da ke kan benci, na matsa masa wuri.