Ƙwaƙwalwar da Umara Ya Ciro

La'asar ta yi sanyi a unguwar Umarari, inuwar dogonyaro ta miƙe har bakin rijiya. Kaltum tana tsakar gida tana tuƙa burabusko, 'yarta Falmata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana gefe tana yanka kuɓewa. Maigidan kuwa, Umara, yana ɗakin zaure, ya tasa kwamfutoci biyu a gaba, dukkansu a buɗe kamar ragunan da aka feɗe.

Umara yana da shagon buga takardu a unguwar Moduganari, kuma rubutun Larabci ne ke ciyar da gidansa: katin ɗaurin aure, addu'o'i, littattafan Islamiyya. Wata tsohuwar kwamfuta ce ke yi masa aikin, wadda ya saya daga siton wani kamfani da ya daɗe da rufewa. Da ta fara mutuwa sai ya sayi sabuwa, amma sabuwar ba ƙirarsu ɗaya ba, ba ta jin yaren tsohuwar. Wani abokinsa ya aiko masa da kati daga Legas, wanda in an soka shi a cikin sabuwar za ta riƙa kwaikwayon tsohuwar har ta yi aikinta. Sharaɗin ɗaya ne: sai an ciro ƙwaƙwalwar tsohuwar, wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu ƙafafu kamar kyankyaso, an dasa su a jikin katin. Su kuwa an liƙe su da dalma.

Kaltum ta leƙo ta ga ƙarfen narka dalma ya yi zafi a hannunsa.

"Baban Falmata, magariba ta kawo kai. Ka ajiye wutar nan sai gobe."

"Saura kaɗan," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ya tura ƙarfen cikin duhun akwatin ba tare da bisimilla ba. Wani siririn kuka ya fito daga ciki, gajere, kamar na jaririn da aka toshe wa baki, sai warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. Umara ya tsaya. Ya ce a ransa ɓera ne, ya ci gaba. Ya dasa ƙwaƙwalwar a kati, ya soka katin a sabuwar kwamfuta, ya shiga saiti. Ya matsar da 'yan ƙananan maƙalan da ke jikin katin daga wannan haƙori zuwa wancan, ya yanka wa baƙuwar ƙwaƙwalwar rabonta na wurin ajiya, ya rage wa sabuwar gudu don ta yi tafiyar tsofaffi. Gilashin kwamfutar ya yi duhu, ya yi fari, sai ga fuskar tsohuwar kwamfutar ta bayyana, da haruffanta na Larabci, ba abin da ya canja.

Ladan ya ɗaga murya. A daidai lokacin dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan.

Na biyu ya fasa tukunyar miya. Na uku ya sami Kaltum a goshi, ta durƙushe, jini ya rufe mata ido. Umara ya fito da gudu yana zagin 'yan unguwa. Maƙwabcinsu Pindar, malamin firamare, ya hau katanga da tocila ya haska lungu, ya haska bishiya, bai ga kowa ba. Ya sauko ya ɗauki dutse ɗaya, nan take ya yar da shi yana yarfa hannu.

"Malam Umara, dutsen nan kamar daga murhu aka ciro shi. Kuma ba daga waje yake zuwa ba. Daga sama yake saukowa, a miƙe."

Haka magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana shiru, ko kaji ba sa shigowa. Rana na yin ja, sai jifa. Aka fasa gilashin taga, aka karya ƙafar akuya, aka tsinci garwashi a cikin akwatin zannuwan Kaltum. A ɗakin zaure kuma madannan kwamfuta na ta ƙwanƙwasa kansu, alhali an ɗauke wuta, filogi ma yana ƙasa. Wani lokaci a ƙarƙashin ƙarar akan ji muryar namiji, ƙasa-ƙasa, tana lallashin wani abu mai nishi.

Umara mutum ne da ya yarda duk abin da ya lalace akwai saitin da zai gyara shi. Zuciyarsa ta gaya masa daga kwamfutar nan abin ya faro, sai ya ƙudura zai warware da hannunsa. Wata yamma ya kunna ta, ya rage wurin ajiyar da ya ba baƙuwar. A tsakar gida Falmata ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ya tsuke. Bai ji ba. Ya ɗauki hantsaki ya zare maƙali ɗaya daga jikin katin.

Ihun da Falmata ta yi ba na mace ba ne.

Ya fito ya same ta tsaye, idanunta sun juye sun zama fari fat. Turmin da sai mutum biyu ke ɗagawa, ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta wurgo masa. Ya kauce, turmin ya ragargaza ƙofar zaure. Kafin ya miƙe ta shaƙe shi, ta manna shi da bango har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Kaltum ta kama ƙugunta tana kiran sunanta, yarinyar ta yi jifa da uwar har ta bugu da bakin rijiya. Sai da Pindar da mazan unguwa suka taru a kan Falmata, aka ɗaure ta da igiyar guga, bayan ta gurɗe wa ɗaya kafaɗa.

Washegari bayan la'asar Goni Ya'akubu ya zo, wani tsohon mahaddaci da aka sani da aikin fitar da aljanu. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka kwantar da Falmata a tabarma ƙarƙashin dogonyaro, ya zauna daidai kanta, ya fara karatu a hankali. Iska ta tsaya. Jikin yarinyar ya riƙa lanƙwashewa har igiyar ta shiga naman hannunta. Da ya ɗaga murya, ta buga ƙeyarta da ƙasa, ta sake bugawa, sannan bakinta ya buɗe.

"Ya isa, Goni. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gida ne. Tambayi ɓarawon can."

"Me ya yi maka?"

"Tun akwatin nan yana sito nake ciki da iyalina. Ya kawo mu shagonsa, ban ce komai ba. Ayoyi yake bugawa, muna saurare, muna jin ɗumi. Ɗana yana barci, ya zura masa wuta a hannu. Yatsunsa sun narke. Bai tsaya nan ba, ya tumɓuke ɗakinmu ya kai shi gidan ƙarya, kamarsa ɗaya da namu amma ba shi ba ne. Jiya kuma ya matso mana da bango, ya zare mana ginshiƙi."

Umara ya matso kusa da tabarmar. "Wallahi ban sani ba," ya ce.

"Ka yi sallama? Matarka ba ta hana ka ba?"

Goni ya ɗaga wa Umara hannu ya dakatar da shi, ya juya ga mai muryar. "Bai gan ku ba, kuma wanda bai gani ba ba a yi masa hukuncin mai ganganci. Za a mayar maka da ɗakinka ba tare da wuta ba, a kai akwatin bakin kogin Ngadda, inda ba mai taɓa ku. Ka fita."

"Hannu da hannu. Zan tafi da na yarinyar."

Hannun Falmata na dama ya fara murɗewa a cikin igiya, a hankali, kamar ana matse wanki. Kaltum ta kurma ihu. Goni ya koma karatu da ƙarfi, muryar ta yi ruri, amma hannun bai daina juyawa ba.

"Yarinya ba ta riƙe ƙarfe ba!" in ji Goni. "Ka ji tsoron Allah!"

"To ina wanda ya riƙe?"

Kafin Goni ya juyo, Umara ya riga ya durƙusa ya miƙa hannunsa na dama. "Ga shi. Sake ta."

"Umara, janye!"

Bai janye ba. Kan yarinyar ya zaburo kamar na maciji, haƙoranta suka kama yatsunsa biyu. Kowa a gidan ya ji ƙarar ƙashi. Umara bai yi ihu ba, ya dai kifa goshinsa a ƙasa, jini na bin gwiwar hannunsa. Da ta saki, muryar ta fito a gajiye.

"Mun yi daidai."

Goni ya sa mai muryar ya rantse da Wanda ya hore aljanu ga Annabi Sulaimanu cewa ba zai sake waiwayar gidan ba, shi da zuriyarsa. Ya rantse. Babban yatsan ƙafar Falmata na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Ta yi atishawa, jikinta ya yi laushi.

Tun kafin rana ta faɗi, Umara ya ciro ƙwaƙwalwar da hannun hagu ya mayar cikin tsohon akwatin, yana bisimilla a kan kowace ɗaya daga cikin biyun. Pindar ya ɗora akwatin a bayan kekensa, Goni na gaba, suka nufi kogi. Daga ranar nan, shagon Moduganari bai ƙara buga harafin Larabci ba, masu kawo aikin suka koma wani wuri.

Falmata ta farfaɗo a cinyar uwarta, Kaltum tana goge mata baki da gefen zane, da sauri, kafin yarinyar ta ga launin abin da ake gogewa. Ba ta tuna komai ba. Idonta ya faɗa kan hannun ubanta da ke naɗe cikin tsumma ja jawur.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

Umara ya dubi mazan unguwa da ke tsaye, ɗaya bayan ɗaya, har kowa ya sunkuyar da kai.

"Ƙofar mota ce ta datse ni a Kasuwar Litinin," ya ce.

Yatsun biyu sun warke a sandare, ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Unguwar Umarari kuwa, da ba a san ta da riƙe magana ba, ta riƙe wannan. Har Falmata ta yi aure ta haihu, duk zuwan da za ta yi gida sai ta zauna kusa da tsohon, ta ɗora hannunsa a cinyarta tana shafa masa man shanu, tana tsine wa direban da bai duba ba kafin ya rufe ƙofa.