Albarkar Sabuwar Shekara a Gidan Aurèle

Solange na murza ƙullin gurasar nama a kicin, mahaifiyarta Réjeanne na yanka albasa. Tun da aka kaɗa ƙuri'ar raba Kebek da Kanada karo na biyu, masu son rabuwa suka faɗi da 'yar tazara, gidan ya zama kamar gidan makoki. Mai gidan, Aurèle, ko allon "I" na masu son rabuwa da ya kafa a baranda ya ƙi cirewa.

"Gobe Duncan zai zo, Mama," in ji Solange.

"Ke dai ba kya gajiya. Ubanki ya ce wanda ya zaɓi 'A'a' ba zai taka masa gida ba, balle mai jin Ingilishi."

"Wallahi na gaji. Amma shi nake so."

Ta gaji ɗin kuwa. Kowace Lahadi Duncan zai zo ya kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, ya gaida tsohon ta taga da gurgun Faransancinsa, tsohon ya ja labule. Ya taɓa ce mata su ɗaura aurensu a kotu kawai, ta ce ba za ta shiga ɗaki ba albarkar uba ba.

Ranar sabuwar shekara, bisa al'ada, babba a cikin 'ya'ya ke roƙon uba ya sa wa iyali albarka, kowa ya durƙusa. Solange ce babba. Da dangi suka hallara, sai ta buɗe ƙofa ta jawo hannun Duncan, suka zube tare a gaban Aurèle.

"Baba, ka sa mana albarka."

Aurèle ya bi kawunan ƙannenta ɗaya bayan ɗaya yana ɗora hannu, da ya iso kansu sai ya tsaya.

"Kai, ka hana ni ƙasa, yanzu kuma 'yar ka zo ɗauka? Da za a sake zaɓen, me za ka zaɓa?"

"Abin da na zaɓa, Baba. Ba zan yi maka ƙarya a durƙushe ba."

Hawaye suka zubo wa Solange, ta tabbata an gama. Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Sau biyu a rayuwata na roƙi abin da raina ke so aka ce mini a'a," ya ce a hankali. "Na san ɗacinsa. Ba da bakina 'yata za ta ɗanɗana shi ba."

Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Duncan.

"Tashi ka ci abinci. Allon nan kuma kar ka kuskura ka taɓa mini shi."

Da Solange ta bi ta kotu, da ta sami miji ta rasa uba. Haƙurin da ya gajiyar da ita shi ya bar mata su duka biyun.