Baƙar Laka a Tafkin Baffa Ilu

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Lado waya a ofishin 'yan sanda na Gagarawa. An tsinci gawar Baffa Ilu a bakin tafkin gonarsa, kifayen da yake kiwo duk sun taso sun yi rigingine.

Kafin ya isa, ƙauye ya gama yanke hukunci. An ɗaure Ɗantala, makiyayin da marigayin ya taɓa hana shi shayar da shanu a tafkin, an zaunar da shi a rana.

"Shi ya zuba guba, Yallaɓai," in ji mai unguwa. "Kowa ya san da ƙullin da ke tsakaninsu."

Ɗantala bai ɗago kai ba. "Ko inuwata ba ta taɓa faɗa wa ruwan nan ba."

Sufeto ya sa aka shigar da shi mota. In ya bar shi a nan, ba zai ga la'asar ba.

Ya gangara tafkin. Yankin nan yashi ne zalla, ruwa ba ya zama a rami sai an daɓe gindinsa da laka, laka kuwa daga nesa ake samo ta. Ya nutsa hannu ya damƙo. Baƙa ce wuluk, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai da baƙin mai. A cikinta akwai ƙananan ɓawon katantanwa da ɓarɓashin jan fenti. Ya ƙulle kaɗan a leda.

A gida ya tarar da matar marigayin, Iya Laure, zaune a kan tabarma, idonta a bushe.

"Iya, daga ina lakar tafkin nan?"

"Fadamar Haɗeja."

"Wa ya kawo?"

"Ɗana Habibullah. Direban tirela ne. Ba ya shigo wa ubansa hannu rabbana."

"Baffa yana ciwo ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Sufeto ya dubi kwalaben magani da ke jere a bakin taga. Ta bi idonsa da kallo.

"Ciwon kai ne," ta ce. "Sai rawar hannu, sai mantuwa. Tsufa ne kawai. A ruwan yake wuni, shi yake sha, kifin yake ci."

Da sakamakon gwajin lakar ya dawo daga Kano, likita da kansa ya kira.

"Sunan gubar butiltin. A fentin gindin manyan jiragen ruwa ake sa ta, don kada katantanwa ta manne musu. Fentin yakan ɓare ya kwanta cikin lakar tashar jirgi, ya yi shekaru bai salance ba."

"Likita, ina mu ina teku?"

"To wani ya ɗauko mana ita ya kawo."

Ranar kasuwar Maigatari Sufeto ya sami Habibullah a kara, wajen cinikin shanu, yana shimfiɗa yashi a bayan tirela don kada shanu su zame a hanya.

"Allah ya jiƙan Baffa."

"Amin, Yallaɓai."

"Ina ka ɗebo lakar?"

"Haɗeja."

"Ina kake kai shanun?"

"Legas."

Sufeto ya hau tirelar, ya sa wuƙa ya kankare kusurwar da tsintsiya ba ta kaiwa. Busasshiyar baƙar laka ta zubo, da jan fenti a jikinta. Ya miƙa masa a tafin hannu.

"A Haɗeja aka fara fentin jirgin teku?"

Habibullah ya jingina shebur, ya zauna a kan yashin. Ya fara magana kamar labarin wani yake bayarwa.

"Na sauke shanu, ina neman lodin dawowa. Wani ɗan kwangila da ke yashe tashar jiragen ruwa ya cika min mota. Ya ce in yi nisa da ita, in juye a dajin da ba kowa."

"Ya gaya maka dalili?"

"Ya ce kada ta taɓa ruwan sha."

"Ka ji da kunnenka."

"Na ji. Na ɗauka tsoron mutanen birni ne. Na duba na ga laka ce mai kyau, mai danƙo, ga Baffa shekara da shekaru yana kallon ruwansa na tsiyayewa cikin yashi. Yaya zan zubar da laka a daji, Yallaɓai? Ranar da na juye masa ita, har bakin titi ya rako ni yana sa min albarka."

"Da aka ɗaure Ɗantala fa?"

"Ina tsaye a wurin."

Sufeto ya ciro waya ya kira ofis. "A saki makiyayin nan. A kai shi rugarsu da mota, kada a bi ta cikin ƙauye."

Habibullah ya miƙa hannuwansa tun kafin kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ciro ankwa. Suka ratsa tsakanin shanu zuwa mota, dillalai na ta cinikinsu. Sai da zai shiga ya tsaya.

"Yallaɓai, a aika wa Iya kada ta ƙara ɗibar geron nan."

"Wane gero?"

"Na bana. Da ragowar lakar muka yaɓe rumbu."