Irimiya, Ladidi da Shagon Yaya Jibrin

Gyaran sola ne ya kai Irimiya wata majami'a a Unguwar Rimi ranar wata Laraba da yamma. Yana kan tsani ya ji muryar mace daga ajin matasa, ya leƙa ta taga, daga nan aikin ya fara tafiyar hawainiya.

Ladidi ce, malamar firamare, ƙarama a jiki amma ba a kallonta a kawar da kai. Ta gama karanta aya ta rufe Littafi Mai Tsarki, ta ce, "Kowa ya gaya mini a ina zai aikata wannan a makon nan, kuma da wa. Ban yarda da 'zan yi ƙoƙari' ba."

"Wanda ke kan tsani ma har da shi?" Irimiya ya ce.

Ajin ya kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Shi ya fara saukowa lafiya tukuna."

Ya sauko, amma zuciyarsa a can ta tsaya. Kafin damina ta wuce ya zama ɗan ajin da ba ya fashi, mutumin da a da sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa a coci. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Nawa idan babu kowa kusa.

Da maganarsu ta kai kunnen mahaifinta, Baba Zakka, dattijon ikkilisiya, sai ya sa aka kira Irimiya. Akwai wanda ya riga shi zuwa da labari: Bulus mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, wanda ya daɗe yana son Ladidi.

"An ce kana da yaya a Kawo," in ji Baba Zakka.

"E, Baba. Amma ba ma tare."

"Mahaifinku ya rasu, shi ne babba. Shi zai zo ya nema maka. Yaron da ya iya yanke ɗan'uwansa, wata rana zai iya yanke matarsa. Mutanen Bulus sun ce za su zo bayan Ista. In yayanka bai riga su ba, kada ka ga laifina."

Yayan nan shi ne Jibrin. Ya musulunta tun Irimiya yana sakandare, ya yi aure a Hayin Banki, ya buɗe shagon kayan gyaran keke Napep kusa da tashar Kawo. Ranar zaman makokin mahaifiyarsu ya zo da buhun shinkafa da rago, Irimiya ya tare shi a gaban jama'a ya ce ya kwashe kayansa, wadda ya guje wa tana raye ba ta bukatarsu yanzu. Jibrin ya juya ya tafi. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Irimiya ya ɗauka Ladidi ce ta kai wa mahaifinta wannan sirri, ya daina ɗaukar wayarta. Sai ga saƙo:

"Nawa, ba ni na faɗa ba, Bulus ne. Amma ko da ni ce, Baba bai yi ƙarya ba. Fushin da kake yi da ni yanzu shi ne abin da yake ji mini tsoro. Ka zo mu yi magana, ina kewarka."

Kunya ta kama shi. Ya amsa: "Malamata, ki yafe mini. Ga ni nan zuwa. Tsoro nake ji, shi ke nan."

A bencin ƙofar gidansu ta buɗe masa wurin da Yesu ya ce wanda ya kawo baiko, wato hadaya, gaban bagade, ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

"Na san ayar," ya ce.

"Sani ba ya kai mutum Kawo. Yaushe za ka je?"

Haka suka zauna suna tsarawa kamar masu shirin tafiya. Ba ranar Juma'a ba. Bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa. Zai durƙusa ya gaishe shi da Yaya. In Jibrin ya zage shi, hannuwansa su zauna a baya. In ya kore shi, ya yi godiya ya fita, ya sake komawa.

"Abu na ƙarshe," ta ce. "Kada ka roƙe shi ya zo gidanmu. Gafara za ka je nema, ita kaɗai."

"Ladidi, in bai zo ba fa? Bulus..."

"Na sani. Kana tsammanin ina iya barci? Amma in ka je don ni, ciniki ka je yi."

Ya kalle ta, hawaye sun cika idonta. Bai taɓa sonta kamar wannan lokacin ba, bai kuma taɓa jin tsoron rasa ta haka ba.

Ranar da ya je, sau biyu yana wuce shagon kamar mai neman wani wuri. Daga ƙarshe ya shiga ya durƙusa tsakanin tayoyi da galan-galan na baƙin mai.

"Yaya, ina wuni."

Jibrin ya ɗago. Ya yi furfura a gemu, fuskarsa sak ta mahaifinsu. Bai amsa ba. Ya sallami wani direba, ya ɗauko wa wani fulogi, ya amsa waya. Irimiya da Ladidi sun shirya wa zagi, sun shirya wa kora, amma shiru bai zo musu a rai ba. Gwiwoyin Irimiya suka fara zafi, bai tashi ba.

"Na ji an ce aure kake nema," Jibrin ya ce a ƙarshe. "Shi ya tuna maka da ni?"

Ƙarya ta zo har bakin Irimiya, ya haɗiye ta.

"Shi ya tashe ni, Yaya, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi na zo roƙa ba. Na wulaƙanta ka a gaban mutane ranar da kai ma uwa ka rasa. Ka yafe mini."

Jibrin ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Na ji. Tashi ka tafi, ina da aiki."

A cikin keke ya rubuta wa Ladidi: "Na yi yadda muka shirya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ki yi mana addu'a."

"Na gode, Nawa. Ko me ya faru, yau ka yi abin da ya fi komai wuya. Ina alfahari da kai."

Makon Ista ya zo, daga Kawo shiru. Irimiya ya rame. Ya koma shagon ya gaida yayansa, aka amsa a taƙaice, ya fito bai roƙi komai ba, alhali maganar na cin ransa. Ladidi kuwa kullum sai ta ji an buga ƙofa gabanta ya faɗi, tana tsammanin mutanen Bulus ne.

Ranar Asabar ta kira shi tana haki. "Ka zo yanzu. Kada ka tambaye ni, ka zo kawai!"

Ya iso da ƙurar aiki a riga. A falon Baba Zakka ya tarar da Jibrin cikin babbar riga fara, da abokansa biyu, da ƙwaryar goro a gabansu. Harira matar Jibrin ce ta bi ta binciko gidan.

"Ni ne yayansa, ni ne ubansa," Jibrin yake cewa. "Iri muka zo nema a gidan nan. Yaron yana da zafin kai, ban ɓoye muku ba. Amma ya zo ya durƙusa mini bai nemi komai ba, ya sake dawowa bai nema ba. In ya ɓata wa 'yarku rai, ni za ku kira."

Baba Zakka ya dubi Irimiya da ke tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi, ya ce, "Mun ba ku."

Guɗa ta tashi daga cikin gida.

An ɗaura auren bayan wata biyu. Da aka fito daga majami'a, Baba Zakka ya ɗora hannu a kan ango da amarya ya sa musu albarka. Sannan ya matsa ya ba Jibrin wuri. Jibrin ya kama hannun ƙaninsa ya haɗa da na Ladidi, ya ce:

"Mama ba ta ga wannan rana ba, amma na gani a madadinta. Na yafe maka, Irimiya, duniya da lahira. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Mutanen coci da mutanen Kawo suka amsa da amin baki ɗaya. Ango ya kifa kansa a kafaɗar yayansa yana kuka, amarya na riƙe da ɗaya hannun nasa.